Taurin Bayan Gida: Wanda Tukunya Take Warkarwa, da Wanda Sai Likita

Darasinmu na wannan wata a kan wata damuwa ce wadda kusan kowane gida ya san ta, amma ba a cika faɗinta a gaban mutane ba. Waɗansu suna ce da ita maƙarƙashiya, waɗansu taurin ciki, waɗansu kuwa sai su ce ciki ya ɗaure. A ƙasar Bagudo, tun daga Zagga har Illo da Lolo, mutum ya fi so ya ce basir ne yake damunsa, ya sayi kwalbar magani ran kasuwa, ya koma gida ya yi shiru. Yawancin taurin bayan gida, tukunyar miya da randar ruwa sun isa su warkar da shi. Amma akwai wani ciwo mai kama da shi a ido, watau toshewar hanji. Shi wannan in aka ba shi maganin wankin ciki, ana iya rasa mutum tun ba a haye gadar Tuga ba. Saboda haka abu biyu za mu koya: yadda za mu gyara abincinmu, da yadda za mu gane ranar da abinci ba shi da sauran taimako.

Yaushe ne za a ce ciki ya ɗaure?

Ba dole ba ne kowa ya fita bayan gida kowace rana. Wani yana fita sau uku a yini, wani sau uku a mako, dukansu kuwa lafiyarsu lau. Likitoci suna cewa akwai taurin bayan gida sa'ad da mutum yake fita ƙasa da sau uku a mako, ko kuwa abin da yake fitowa ya bushe ya yi tauri kamar na awaki, ko sai ya yi ta yunƙuri da nishi, ko ya tashi yana jin bai gama ba. Wanda yake fita kowace safiya amma sai da gumi da zafi, shi ma yana cikin masu wannan damuwa. Wanda yake fita bayan kwana biyu, abin da taushi, ba wahala, ba abin da ya same shi, kada ya ɓata kuɗinsa.

Bari mu duba yadda abin yake faruwa a ciki. Abinci in ya bar tumbi sai ya shiga ƙaramin hanji, mai tsawon kamar mita 6. A nan jiki yake tsotse amfanin abinci. Abin da ya rage yana wucewa zuwa babban hanji, mai tsawon kamar mita 1 da rabi, yana ruwa-ruwa kamar kunu. Aikin babban hanji shi ne ya tsotse ruwan nan ya mayar wa jiki. Ba ya kuwa fasa tsotsa muddin abin yana zaune a cikinsa. Kowa ya san yadda laka take a fadama bayan ruwa ya janye: ran farko da taushi, bayan mako sai da gatari. Haka abin yake a hanji. Duk abin da ya sa saura ya daɗe a ciki, shi ne yake sa ya bushe.

Abin da yake hana shi bushewa shi ne wani ɓangare na abinci wanda ciki ba ya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, jijiyoyin ganye, zaren mangwaro, yauƙin kuɓewa. Likitoci suna ce da shi faiba, mu kuwa a darasin nan za mu kira shi zaren abinci. Yana riƙe ruwa kamar soso, yana ƙara wa bayan gida auki, hanji kuma ya sami abin da zai tura. A cikin tsiro kaɗai ake samunsa. Nama, kifi, ƙwai, nono, mai da sukari, duk da amfanin da waɗansunsu suke da shi, ba su da shi ko kaɗan.

Abin da wani likita ya auna a Yuganda

Akwai wani likitan fiɗa mutumin ƙasar Ayalan, Denis Burkitt, wanda ya yi aiki shekaru da yawa a ƙasar Yuganda tun daga 1946. Ya lura cewa waɗansu cututtukan hanji da suka cika asibitocin Ingila, da wuya ya gan su a wurin mutanen ƙauye na Afirka. Sai shi da abokan aikinsa suka yi abin da mutane da yawa za su ƙi yi, suka riƙa auna nauyin bayan gidan mutane a ma'auni, suna kuma lissafa awoyin da abinci yake yi kafin ya fita. A 1972 suka buga abin da suka samu. Mutumin ƙauye mai cin hatsi da wake da ganye yana fitar da kusan rabin kilo a yini, abinci kuma yana ratsa cikinsa a kwana ɗaya da rabi. Bature mai cin farin burodi da nama da sukari yana fitar da giram 100 da 'yan kai, abinci kuma yana kwana uku ko fiye a cikinsa. Daga nan likitocin Turai suka shiga gaya wa mutanensu su koma cin dusar da suke zubarwa.

Abin mamaki, a shekarun da su suke koyon abincin ƙauyukan Afirka, mu muka soma barinsa.

Abin da ya sauya a tukunyarmu

Ƙasarmu ƙasar shinkafa ce. Fadamun Kogin Kwara suna ba mu ita damina da rani, tun ba bayan 2015 ba, sa'ad da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. Kafin wannan, da kuma bayansa, shinkafar Tailan da ta Indiya ta yi ta shigowa daga Kwatano ta kan iyakar Benin, har gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An yi ta gardama a kan 'yar waje da 'yar gida. A wajen aljihun manomi lalle akwai bambanci. A wajen hanji kuwa, in inji ya goge ta ta yi fari fat, duk ɗaya suke, gama dusar da take riƙe ruwa ta tafi.

Ba cewa nake yi a bar shinkafa ba. Ita take biyan kuɗin makarantar yara da na taki. Amma mu dubi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce baligi yana bukatar aƙalla giram 25 na zaren abinci kowace rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 ba ta da ko giram 1 cikakke. Watau wanda yake so ya sami rabonsa daga shinkafa kaɗai, sai ya ci fiye da kilo biyu da rabi a yini. Dafaffen wake giram 100 kuwa yana da wajen giram 6. Yanzu ku tuna da abincin ɗan kabu-kabu ko direban da yake jiran layi a Tsamiya: shayi da burodi da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, taliya da ƙwai da dare, da kwalbar lemo a tsakani. Ya ƙoshi, ya kashe kuɗi, amma hanjinsa bai sami abin turawa ba. Haka kuma gidan masunci a bakin kogi inda ake cin shinkafa da kifi safe da yamma. Abinci ne mai gina jiki, sai dai ba ganye a ciki.

Gero da dawa da masara ma ba su tsira ba. Iyayenmu mata sun yi surfe tun kaka da kakanni, amma turmi yakan bar wani abu a jikin ƙwaya. Injin surfe ba ya bari. Muna kwashe dusar mu ba awaki da kaji, su yi ƙiba, bayan gidansu kuma ba ya yi musu wuya. Daga baya maigidan da ya ba su dusar ya tafi kasuwa neman maganin basir.

Abin da za a sa a tukunya

Wake shi ne na fari, domin yana da araha a kan amfaninsa, muna kuma noma shi. In za a dafa shinkafa gwangwani uku, a sa wake gwangwani ɗaya. A bar shi da ɓawonsa. Ƙosai da alala suna da daɗi, amma an wanke ɓawon an zubar, saboda haka ba su kai dafaffen wake ba a wannan aiki. Wanda wake yake kumbura masa ciki, a jiƙa shi tun da dare, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa shi ya nuna lugub. Gujiya da gyaɗa su ma suna taimako.

Na biyu miya. Kuka, kuɓewa, lalo da karkashi, yauƙin nan nasu shi ne yake riƙe ruwa a hanji, ya sa abin ya zame. Kada a yi miyar tsululu wadda cokali ɗaya na kuka yake yawo a tukunyar mutum goma. A kaɗa ta ta yi kauri, a kuma zuba wa kowa da yawa. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo da ganyen wake, a yi kwaɗonsu da ƙuli-ƙuli, a ci kamar abinci, ba kamar abin marmari ba. Matan da suke shanya ganye a inuwa tun da kaka su ne gidajensu ba sa rasa miya a watan Afrilu. Busasshen ganye bai rasa zarensa ba.

Na uku hatsi. A gaya wa mai inji ya yi surfe sama-sama. Ko kuwa a raba: mudu biyu a surfa, mudu ɗaya a wanke shi sarai, a shanya, a niƙa shi da dusarsa, a gauraya. Tuwon ba zai yi fari kamar na gidan biki ba, yara za su yi ƙorafi kwana biyu, sa'an nan su saba. A nan akwai gargaɗi. Hatsin da ya yi fumfuna, ko wanda aka zuba wa maganin ƙwari a rumbu, gubar takan taru a jikin ɓawo. Irin wannan a surfa shi sosai, wanda ya ruɓe kuwa a zubar. Kada kuma a sayi dusar dabbobi a kasuwa a zuba a kunu, gama ba a san irin hatsin da ta fito daga ciki ba, sau da yawa kuma da ƙasa da ƙaiƙayi a cikinta.

Sai 'ya'yan itatuwa. Gwanda nunanniya da safe tana sassauta ciki, itacenta kuwa yana yin 'ya'ya cikin shekara guda in an dasa shi inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Goba, mangwaro, goruba, ɗinya, kanya, magarya, garin kuka da ake tsotsa, duk suna da zare. Lemon zaƙi a ci shi da totuwarsa, kada a tsotse ruwan a yar da sauran. Tsamiya, wadda garinmu na kan iyaka yake amsa sunanta, tana sa ciki ya saki a hankali, kofin kunun tsamiya kuwa ya fi kwalabe da yawa da ake sayarwa. Aduwa ma haka, sai dai kada a yawaita. Na sha jin ana hana yara da manya shan mangwaro wai zaƙi yana kawo basir. Ba haka ba ne. Basir jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suke kumbura, yawan yunƙuri da daɗewa a tsugune suna cikin manyan abubuwan da suke ta da shi. Mangwaro yana rage yunƙuri. A wanke shi da ruwa mai tsabta, a sha.

Kada a yi wannan sauyi duka rana ɗaya. Cikin da ya saba da farar shinkafa, in aka cika shi da wake da ganye farat ɗaya, zai kumbura ya yi ta iska, mai shi ya ce maganarmu ƙarya ce. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku. Yawancin mutane suna ganin bambanci kafin makon farko ya ƙare, waɗansu sai sun yi haƙuri har wata guda.

Ruwa, da amsa kira

Zare ba ruwa, kamar tuƙa tuwo ne a busasshiyar tukunya. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasarmu yana wuce digiri 40, mai noman rani a fadama yana zubar da gumi tun safe, hanji kuwa sai ya matse ɗan ruwan da ya samu ya ba jiki. Baligi ya sha aƙalla lita 2 a yini, watau ledar ruwa huɗu irin ta rabin lita, mai aikin rana kuwa ya ninka. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari: in ya yi ja kamar shayi, ruwa ya kasa. Kunu, koko da fura duk suna cikin lissafi. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa tsakanin faɗuwar rana da asuba. Ruwan kogi ko na tafki a tafasa shi tukuna, kada a gudu daga taurin ciki a faɗa wa gudawa.

Akwai kuma wani dalili wanda abinci ba ya gyarawa, shi ne riƙewa. Hanji yakan motsa da ƙarfi bayan an ci abinci, musamman na safe. In mutum ya ji kira ya danne, jin yakan wuce, abin ya zauna yana bushewa. In ya saba dannewa, har jin kiran yakan ragu. Wa ya fi yin haka? Matan gidan da ba masai, waɗanda sai duhu ya yi su fita daji. 'Yan makarantar da masan makarantarsu ya ƙazantu. 'Yan kasuwa da matafiya. Maigidan da matarsa take fama da wannan ciwo, kafin ya saya mata magani, ya dubi bayan gidansa ko akwai masai mai rufi da ƙofa. Tsugunon da muka gada kuwa ya fi zaman kujera sauƙin fitarwa. Tsoho ko majinyacin da yake zama a kan kujerar masai, a sa masa ɗan dutse ko kututture ƙarƙashin ƙafafunsa, gwiwoyi su ɗaga. Tafiya da ƙafa ma tana motsa hanji, shi ya sa tela da direba da tsohon da ya kwanta jinya suka fi manomi shan wannan wahala.

Mata masu ciki da yara

Mace mai ciki hanjinta yakan yi sanyin aiki, ƙwayar ƙarin jini da ake ba ta a awo kuma takan ƙara taurin, ta sa bayan gida ya yi baƙi. Waɗansu sai su daina sha a ɓoye. Kada a yi haka, gama ƙarancin jini ran haihuwa yana kisa, taurin ciki kuwa ana gyara shi da gwanda da miyar kuka da ruwa. In ya ƙi, ta faɗa wa ungozomar asibiti. Cin farar ƙasa da waɗansu suke kwaɗayi yana ƙara ɗaure ciki. Mai ciki kada ta sha maganin wankin ciki na gargajiya ko na kasuwa.

Jaririn da ya wuce wata ɗaya yana shan nonon uwa zalla yana iya yin kwana biyar ko mako bai yi kashi ba. In yana tsotso da kyau, cikinsa da taushi, ba amai, in ya yi kuma abin da laushi, lafiyarsa ƙalau. Kada a ɗura masa jiƙo, kada a cusa masa sabulu ko wani abu a dubura. Har wata shida nono ya ishe shi. Matsala takan soma ne lokacin da aka fara ba shi koko tatacce da farar shinkafa da biskit. A dama masa gwanda, da dafaffen wake da aka murje, da miyar ganye. Yaron da ya taɓa jin zafi wajen kashi yakan ji tsoro ya riƙe, riƙewar ta ƙara tauri, taurin ya ƙara zafi. Wani har ruwan kashi ya riƙa zubo masa a wando ta gefen wanda ya daskare, a zaci gudawa ce ko iskanci, a yi ta dukansa. Duka ba ya warkar da wannan. A kai shi asibiti, akwai maganin da yake tausasa abin har tsoron ya fita.

Filasko da kwalaben kasuwa

Filasko yana aiki, ba mai musu. Daga danginsa ake yin wata ƙwayar da asibiti ma take bayarwa. Yana tsokanar hanji ne ya matsa da ƙarfi, bayan awa 8 zuwa 12 sai ciki ya saki. Bambancin shi ne ƙwayar asibiti an auna ta, na tukunya kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa, shi ya sa wani yake kwana yana murɗa da gudawa har jiri ya kwashe shi. Sau ɗaya ga baligi mai lafiya wanda ba ya amai, ba ya ciwon ciki, ba laifi. Al'adar wankin ciki kowane mako kuwa ba ta da tushe. Ciki ba randa ba ne da datti yake kwantawa a gindinsa. Wanda ya wanke hanjinsa tas yau, dole ya yi kwana biyu ko uku kafin wani ya taru, sai ya ce ga shi ciki ya sake ɗaurewa, ya ƙara sha. Haka ake zama bawan kwalba.

Kwalaben da ake talla da lasifika ran kasuwa, waɗansu da rubutun Faransanci daga ƙetaren iyaka, waɗansu ba rubutu sam, kwalba ɗaya wai tana maganin basir da taifot da ciwon baya da rashin ƙarfi, ku bar su inda kuka gan su. A kuma sani cewa waɗansu magunguna su ne suke kawo taurin. Taramol da kodin suna kwantar da hanji ƙwarai. Gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma saurayin da yake shan taramol domin ya jure aikin gona ko tuƙi, ko ya ci zogale kwando guda cikinsa ba zai saki ba sai ya bari. Ƙwayar tsayar da gudawa, da waɗansu magungunan gyambon ciki da na hawan jini, su ma suna yi. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina da kansa, ya koma ya faɗa, a sauya masa.

Ranar da za a bar tukunya a nemi mota

Mai taurin bayan gida yana fitar da iska, yana cin abinci, yana yawonsa, ko da ba ya jin daɗi. Wanda hanjinsa ya toshe dabam yake. Ba kashi, ba tusa. Ciki yana kumbura, in an ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar ganga. Murɗa tana zuwa tana tafiya, daga baya ta zauna. Amai ya biyo, kore ko mai ɗoyi. Tambaya ɗaya tak takan raba gardama, ko da kunya a yi ta: yaushe rabonka da fitar da iska? In ya ce tun jiya, ga kumburi ga amai, an wuce zancen gwanda.

Abin da ya fi kawo wannan a ƙauyukanmu shi ne ƙaba, ko gwaiwa, wadda ta saba fitowa tana komawa, ran nan ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri da zafi. Hanji ne ya maƙale, jini ya daina kai masa, cikin awoyi kaɗan kuwa yana iya mutuwa ya ruɓe. Mai ƙaba ya je a yi masa aiki tun tana komawa, gama aikin a lokacin ƙarami ne. Na biyu, babban hanji yakan murɗe a kan kansa kamar igiyar guga. Gaskiya ita ce wannan ya fi samun manoman Afirka masu cin hatsi da yawa, maza magidanta da tsofaffi, fiye da Turawa, saboda haka kada wani ya ce ai shi tuwon dawa yake ci, ba abin da zai sami hanjinsa. A yara, tsutsar ciki takan dunƙule ta toshe hanya. Wanda aka taɓa yi wa aikin ciki, tabon yana iya ɗaure hanji ko bayan shekaru. Sai kuma taifot, wanda sau da yawa da taurin ciki yake somawa ba da gudawa ba. Mai zazzaɓin da ya wuce mako, in ciwon ciki ya taso masa farat ɗaya, cikin ya sandare kamar katako, mai yiwuwa hanji ne ya huje.

A duk waɗannan, filasko ko wani maganin wankin ciki yana tilasta wa hanji ya matsa a kan ƙofar da take rufe, yana iya fasa shi. Kada a ba shi. Kada a ba shi abinci ko kunu, gama mai yiwuwa za a sa shi barci a yi masa aiki. Kada a yi ta danna ƙabar da ƙarfi, kada a yi tsaga ko ƙaho. Haka nan jaririn da ya yi awa 48 da haihuwa bai fitar da baƙin kashin nan na farko ba, ko yana aman kore, a duba ko duburarsa a buɗe take, a kai shi a ranar. Wanda ya faɗo daga itace ko babur, sa'an nan kashi da fitsari suka tsaya, ƙafafu suka yi sanyi, a kwantar da shi a kan ƙofa ko katako a ɗauke shi ba tare da an lanƙwasa bayansa ba.

Akwai kuma alamun da ba na gudu cikin dare ba ne, amma kada mako ya wuce ba a ga likita ba. Jini a bayan gida, ko ja ko baƙi kamar kwalta ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini. Mutumin da ya wuce shekara 45 wanda cikinsa ya sauya hali haka kawai, yau tauri gobe gudawa, har makonni. Rama ba dalili, da fari a ido da tafin hannu. Taurin da ya ƙi jin abinci da ruwa bayan wata guda. Sau da yawa jan jini daga basir yake, ko daga 'yar tsagewa a bakin dubura. Amma ciwon daji na hanji ma haka yake somawa, mutane kuwa sukan yi shekara suna shan maganin basir kafin a gane, alhali in an kama shi da wuri ana yanke shi. Likita zai sa safar hannu ya duba da yatsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace tana da iko ta roƙi ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita.

Mu da muke zaune a ƙetaren kogi, wajen Ka'oje, Tsamiya, Illo da Lolo, nisa shi ne babban abokin gābarmu, tun ba da damina ba. Ƙaramin asibitin ƙauye yana iya sa wa majinyaci ƙarin ruwa ya rubuta masa takarda, amma toshewar hanji sai inda ake fiɗa. Kowane ƙauye ya bincika tun yanzu wane babban asibiti ne mafi kusa da yake da likitan da yake yin aikin ciki da dare. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya. 'Yan'uwanmu na wajen Segbana asibitinsu na yanki yana Kandi, na bakin kogi kuwa Malanbil. A san mai motar da za a tasa ko da tsakar dare, a ajiye lambarsa a wurin mai unguwa. Ƙungiyar manoma ko ta mata da take yin adashi ta ware wani abu domin kuɗin mai, gama sau da yawa awoyin da ake ɓatawa wajen neman rance su ne awoyin da hanji yake mutuwa.

In za a tafi, mutum biyu ko uku masu ƙarfi su bi majinyaci, domin ana iya neman jini. A ɗauki duk kwalba ko ƙwaya ko saiwar da ya sha a nuna wa likita, kada a ɓoye don tsoron faɗa. Wanda zai yi bayani ya riƙe amsar abubuwan da za a tambaya: ranar da majinyaci ya yi bayan gida na ƙarshe, lokacin da iska ta daina fita, launin aman, da sa'ar da ya ci ko ya sha wani abu na ƙarshe.